Launi da Manuni a Tagar Umarni: Yadda Ake Saita Su Su Zauna Daram

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗaliban sakandare a birnin Sakkwato, kamar takwarorinsu na sauran sassan ƙasar nan, suka daɗa kusantar wannan na'ura. Mafi yawansu sun san ta ne ta fuskar hotuna da linzami. Amma akwai wata ƙofa ta shiga kwamfuta wadda ta girmi wannan, wato tagar umarni, ko taminal. Ita wannan taga ba ta da hoto ko ɗaya. Rubutu ne zalla, sai kuma wata 'yar alama mai ƙyaftawa da ke nuna inda harafi na gaba zai faɗa. Wannan alama ita ce manuni. Ɗalibin da ya sami shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo don karanta kimiyyar kwamfuta, ko wanda ya zurfafa a nazarin ƙwayoyin gado, ba makawa wata rana zai zauna gaban wannan taga.

Matsalar da sababbin shiga kan fara cin karo da ita ita ce wannan: mutum ya ɓata lokaci ya zaɓi launin da ya dace da idonsa, ya gyara siffar manuni, amma da zarar ya buɗe wata manhaja ya rufe, ko aka ɗauke wutar lantarki, sai komai ya koma gidan jiya. Wannan darasi zai bayyana dalilin da ya sa launi ya wuce batun ado, da dalilin da ya sa saitin ke gogewa, da kuma hanyoyin da ake bi a sa shi ya zauna.

Ido da Launi

Ba a Turai aka fara amfani da launi don saukaka karatu ba. Duk wanda ya taɓa duba tsofaffin rubuce-rubucen hannu na malaman Sakkwato, irin waɗanda ke ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, zai lura cewa baƙar tawada ce ke ɗauke da jikin rubutu, ja kuwa akan ware ta don kanun magana da wasulla. Manufar ita ce ido ya rarrabe abubuwa ba tare da wahala ba. Aikin da launi ke yi ke nan a tagar umarni.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa. A jikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu jin haske. Na farko masu siffar sanda ne, yawansu ya haura miliyan 90, kuma su ke aiki cikin duhu-duhu, amma ba su bambance launi. Na biyu masu siffar mazurari ne, yawansu tsakanin miliyan 4 da miliyan 6, su ne ke gane launi. Ƙwayoyin mazurari sun kasu gida uku. Kashi na farko ya fi jin haske mai zangon nanomita 420, wato wajen shuɗi. Na biyu nanomita 530, wajen kore. Na uku nanomita 560, wanda shi ke kaiwa har ga ja. Ƙwaƙwalwa ce ke gwada saƙon waɗannan uku, sannan ta yanke hukuncin launin da aka gani.

Daga wannan bayani abubuwa biyu sun fito. Na ɗaya, da rana ido ya fi jin haske mai zangon nanomita 555, tsakanin kore da rawaya, shi ya sa koren rubutu a kan baƙin allo ke fitowa sarai. Na biyu, ƙwayoyin da ke jin shuɗi su ne mafi ƙaranci, ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma babu su a tsakiyar wurin da ido ke amfani da shi wajen karanta ƙananan haruffa. Saboda haka shuɗin rubutu a kan baƙi yana gajiyar da ido. Ƙa'idar da aka fitar a 2008 don saukaka karatu a shafukan intanet ta nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Fari a kan baƙi yana da 21 bisa 1, amma tsantsar shuɗi a kan baƙi bai kai 2.5 bisa 1 ba. A gari mai tsananin hasken rana irin Sakkwato, inda haske ke kwararowa ta tagogin aji ya faɗa kan allo, wannan rauni ƙaruwa yake yi.

Shi kuwa manuni, ƙyaftawarsa dabara ce da aka gina kan halittar ido. Gefen ido ba ya ganin abu filla-filla, amma yana da saurin lura da motsi, don haka alama mai ƙyaftawa ba ta ɓacewa cikin tarin rubutu. Wani injiniya Ba'amurke, Charles Kiesling, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1967. Duk da haka akwai masu karatun da ƙyaftawar ke ɗauke wa hankali, waɗannan sun fi son manuni tsayayye.

Waɗanda Ja da Kore Ke Rikitarwa

Ba kowa ne ke ganin launi kamar kowa ba. A shekarar 1794 masanin kimiyya John Dalton na Ingila ya gabatar da bayani kan yadda shi da ɗan'uwansa ke rikita wasu launuka. Bayan shekaru 200, a 1995, aka binciki abin da aka adana na idanunsa, aka gano cewa ba shi da ƙwayoyin da ke jin kore. Ƙwayoyin gadon da ke kula da ganin ja da kore suna kan kuromosom ɗin X. Namiji yana da X guda ɗaya tak, wanda ya samu daga mahaifiyarsa, mace kuwa tana da biyu. Saboda haka idan X ɗaya na mace ya sami tawaya, ɗayan kan rufa masa asiri, amma namiji ba shi da wannan gata. Uwar da ke ɗauke da tawayar, kowane ɗanta namiji yana da damar rabi da rabi ta gadonta. A cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kimanin namiji 1 cikin 12 da mace 1 cikin 200 ke da wannan lalura. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan ɗalibi a ajin maza 60, alhali shi kansa bai sani ba.

Ga misalin da ke nuna muhimmancin al'amarin. Ciwon sikila, wanda Nijeriya ke cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi, ya samo asali ne daga canjin harafi ɗaya a ƙwayar gadon da ke gina wani sashe na sinadarin jan jini. Inda ya kamata a karanta GAG, sai ya zama GTG, wato A ta koma T. A zanen da injin karanta ƙwayoyin gado ke fitarwa, al'ada ita ce a nuna A da kore, T da ja, C da shuɗi, G da baƙi. Ke nan bambancin da ake nema ya faɗo daidai kan launuka biyun da suka fi rikitarwa. Shi ya sa ake buga haruffan a saman zanen, don kada a dogara ga launi shi kaɗai. A tagar umarni ma haka abin yake: manhajoji da yawa suna nuna kuskure da ja, nasara da kore, kuma umarnin grep, wanda ake neman kalma da shi cikin fayil, yana haskaka abin da ya samo da jan launi. Ga wanda idonsa ba ya jin ja sosai, ja a kan baƙi duhu ne a kan duhu. Irin wannan ɗalibi yana bukatar canza launi, kuma yana bukatar canjin ya zauna.

Yadda Tagar Umarni Ke Karɓar Saƙo

Asalin tagar umarni na'ura ce mai zaman kanta, mai allo da madannai, da ake jona wa babbar kwamfuta da waya. Mafi shahara ita ce VT100, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978, mai layi 24, kowane layi da gurbin harafi 80. Tagogin da ake buɗewa yau a Linux da Windows da wayoyin Android manhajoji ne da ke kwaikwayon irin waɗannan na'urori, kuma har yanzu suna jin harshensu.

Abin da ke isa ga tagar jerin haruffa ne kawai. To, yaya za ta bambance rubutun da za ta nuna da umarnin da za ta bi? Amsar ita ce wani harafi marar siffa da ake kira ESC, mai lamba 27 a jadawalin haruffa na ASCII. Da zarar tagar ta gan shi, ta san abin da ke biye umarni ne. An daidaita waɗannan umarnai a ƙa'idar ECMA-48 ta 1976 da ta ANSI ta 1979. A rubuce akan wakilci ESC da \033, wato 27 a lissafin takwas-takwas. Alal misali:

printf '\033[32mSakkwato\n'

Wannan zai rubuta kalmar Sakkwato da kore. Lambobin launin rubutu su ne: 30 baƙi, 31 ja, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi, 35 shunayya, 36 shuɗi-kore, 37 fari. Idan launin baya ake so a canza, sai a ƙara 10, wato daga 40 zuwa 47. Lamba 1 tana kaurara rubutu. Lamba 0 kuwa, wadda ita ce mafi muhimmanci a wannan darasi, ma'anarta a goge duk wani canji a koma launin asali. Tagogin zamani sun wuce waɗannan launuka 8, suna iya nuna 256, wasu har 16,777,216.

Siffar manuni ma haka ake canza ta:

printf '\033[4 q'

Akwai gurbi tsakanin lambar da harafin q, kuma wajibi ne a bar shi. Lamba 1 tana ba da tubali mai ƙyaftawa, 2 tubali tsayayye, 3 layin ƙasa mai ƙyaftawa, 4 layin ƙasa tsayayye, 5 tsayayyen sanda mai ƙyaftawa, 6 sanda marar ƙyaftawa. Baƙin allon Linux na ainihi, wanda ba ya cikin taga, ba ya jin wannan umarni. Nasa daban ne: \033[?6c yana ba da cikakken tubali, \033[?2c yana ba da layin ƙasa.

Dalilin da Ya Sa Saiti Ke Gogewa

Dalilai uku ne. Na farko, tagar ba ta san wanda ya aiko da umarni ba, na ƙarshe kawai take bi. Manhajoji irin su ls da grep, bayan sun gama rina abin da suke son rinawa, sukan aika da lamba 0. Wannan 0 ba ta mayar da launin da mutum ya zaɓa, tana mayar da launin asali ne na tagar. A kwamfutoci da yawa ma, alamar jiran umarni da ke farkon kowane layi tana ƙarewa da wannan 0, don haka koren da aka sa a sama ba zai kai layi na gaba ba.

Na biyu, manhajojin da ke mamaye allo gaba ɗaya, kamar masu gyaran rubutu, sukan ɓoye manuni ko su canza shi yayin aiki. Idan za su fita sai su aika da umarnin a mayar da manuni yadda aka saba. A baƙin allon Linux, wannan umarni yana ɗauke da \033[?0c, wanda ke share siffar da aka zaɓa.

Na uku, duk waɗannan canje-canje suna zaune ne a ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, wadda wutar lantarki ke riƙe da ita. Kamar rubutun allo ne a makarantar allo, an wanke ya tafi, saɓanin abin da ke cikin littafi. Da an rufe taga, ko wuta ta yanke, shi ke nan.

Ɗalibin ilimin halittu zai fi kowa saurin fahimtar wannan. Tsagar fuska da lallen hannu ba a gadonsu, domin a jiki suke, ba su shiga ƙwayoyin gado ba. A ƙarshen shekarun 1880 masanin Jamus August Weismann ya yi ta yanke wutsiyoyin ɓeraye zuriya bayan zuriya, amma 'ya'yan suka ci gaba da zuwa da wutsiya. Kowace sabuwar taga kamar sabuwar haihuwa ce. Ba ta gadon abin da aka yi wa tagar da ta gabace ta, abin da ke rubuce cikin fayilolin saiti kaɗai take gado. Wanda ke son canji ya ɗore, can zai rubuta shi.

Hanyoyin Sa Saiti Ya Zauna

Hanya ta farko, kuma mafi inganci, ita ce a canza launin asali na tagar kanta. Idan aka yi haka, duk lokacin da wata manhaja ta aika da 0, to ga zaɓin mutum za a koma. A yawancin tagogin Linux akwai wurin zaɓuɓɓuka inda ake tsayar da launin rubutu da na baya da siffar manuni, har ma a sauya shuɗi mai duhu da mai haske. Windows Terminal tana ajiye nata cikin fayil mai suna settings.json. A tsohuwar tagar cmd ta Windows, umarnin color F0 yana ba da baƙin rubutu a kan fari, amma yana gushewa da rufe tagar, sai an shiga saitin asali ta saman tagar an tsayar da shi. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta sai wayar Android yana iya gwaji da manhajar Termux, wadda ke karanta launukanta daga fayil mai suna colors.properties cikin jakar .termux. A baƙin allon Linux kuwa ana cewa:

setterm --foreground yellow --background black --store

Kalmar ƙarshe ita ke mayar da wannan zaɓi ya zama na asali, har zuwa lokacin da aka kashe kwamfuta.

Hanya ta biyu ita ce fayil ɗin farawa. A bayan tagar akwai wata manhaja mai karɓar abin da aka buga ta fassara wa kwamfuta, wato tafintan umarni. Wanda ya fi yaɗuwa a Linux shi ne Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989. Duk lokacin da aka buɗe sabuwar taga, Bash yana karanta wani fayil mai suna .bashrc da ke babbar jakar mai amfani. Ɗigon da ke farkon sunan yana ɓoye fayil ɗin, sai an ce ls -a yake bayyana. Duk abin da aka rubuta a ciki za a zartar da shi a kowace farawa. Wanda ja ke wahalarwa sai ya ƙara wannan layi a ƙarshen fayil ɗin:

export GREP_COLORS='mt=30;43'

Daga nan grep zai riƙa nuna abin da ya samo da baƙin rubutu a kan rawaya, wanda kusan kowane ido ke gani.

Hanya ta uku maganin manhajojin da ke share manuni ce. Tun da .bashrc sau ɗaya ake karanta shi, ba zai gyara ɓarnar da aka yi daga baya ba. Amma Bash yana da wani gurbi mai suna PROMPT_COMMAND, wanda yake zartar da abin da ke cikinsa kafin ya nuna alamar jiran umarni, kowane lokaci. Sai a rubuta cikin .bashrc:

PROMPT_COMMAND='printf "\033[4 q"'

Ta haka ko wace manhaja ce ta canza manuni, da ta fita za a mayar da shi. Ya kamata a fara dubawa ko akwai wani abu a wannan gurbi tun da farko, domin sabon layin zai maye gurbinsa.

Abubuwan Kiyayewa

Kafin a taɓa .bashrc a yi kwafinsa da umarnin cp ~/.bashrc ~/.bashrc.ajiya, domin rigakafi ya fi magani. A riƙa yin canji ɗaya-ɗaya, a buɗe sabuwar taga a gwada, ba tare da rufe ta farko ba. Idan aka yi kuskure launin rubutu da na baya suka zama ɗaya, allo zai zama kamar babu komai, amma kwamfuta tana ji. A buga reset ko da ba a ganin haruffan, a danna maɓallin shigarwa.

A ɗakin kwamfuta na makaranta, inda ɗalibai da yawa ke amfani da na'ura ɗaya, fayilolin da ke jakar /etc sun shafi kowa, don haka hurumin malami ne. Inda kowane ɗalibi ke da nasa asusun, saitinsa ba ya taɓa na wani. Inda kuwa asusu ɗaya ake tarayya a kai, gara ɗalibi ya ajiye nasa fayil a filashi.

Ga malamai, abu mafi amfani shi ne kada a ce wa aji "ku dubi jan layi" kawai, a haɗa da lambar layin ko kalmar da ke farkonsa. Ɗalibin da ya yawaita kuskure a nan ba lalle ne sakaci ke damunsa ba. Gwajin faranti masu ɗigo-ɗigo da likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917 har yau ana amfani da shi a asibitocin ido, kuma 'yan mintoci yake ɗauka.

Kammalawa

An ga cewa zaɓin launi da manuni yana da tushe a halittar ido, kuma ga wasu ɗalibai shi ne bambanci tsakanin ganin kuskure da wuce shi. An kuma ga cewa saiti yana gogewa ne saboda umarnin 0, da manhajojin da ke mayar da manuni, da kuma ma'adanar wucin gadi. Maganin shi ne a tsayar da launin asali a tagar kanta, a rubuta sauran cikin fayil ɗin farawa, abin da ake yawan sharewa kuma a sa shi inda za a riƙa maimaita shi.

Tambayoyin Bita

1. Me ya sa shuɗin rubutu a kan baƙin allo ya fi kore wuyar karantawa?
2. Mutum mai rikita ja da kore ya auri matar da ba ta ɗauke da tawayar. Me ake sa ran gani a 'ya'yansu maza, me kuma a mata?
3. Rubuta umarnin da zai nuna kalmar Rima da farin rubutu a kan shuɗi, sannan ya mayar da launin asali.
4. Bayyana bambancin aikin .bashrc da na PROMPT_COMMAND.
5. Kwatanta saitin da ke gogewa da wanda ke zaunawa, ta amfani da misali daga darasin gado.